Jiki Magayi: Haɗarin Wuce Gona da Iri a Atisayen Damben MMA

Ranar Kirsimeti ta 2019, lokacin da mutanen birnin Sidni na Ostareliya ke gida cikin iyalansu, Robert Whittaker yana can bakin teku yana hawa tudun yashi a guje. Ya saba da wannan atisaye, ba ranar ya fara ba. Amma a ranar, yana tsakiyar hawa sai ya tsaya cak. Daga baya ya shaida wa manema labarai cewa a nan ne ya tambayi kansa me yake yi a wurin, ya kuma gane cewa ƙarfinsa da sha'awarsa ga wasan duk sun ƙare ƙarƙaf.

Whittaker ba ɗan koyo ba ne. Shi ne ke riƙe da kambun matsakaita nauyi na gasar UFC kafin Israel Adesanya, haifaffen Legas, ya ƙwace shi a watan Oktoba na wannan shekarar. Ya yi shekaru yana atisaye kusan babu ranar hutu. A 2018 rashin lafiya ta hana shi kare kambunsa, a Fabrairun 2019 kuma aka garzaya da shi ɗakin tiyata a ranar da zai yi wasa, saboda ƙabar ciki da matsalar hanji. Bayan abin da ya faru a tudun yashin, ya janye daga karawar da aka shirya masa da Jared Cannonier, ya koma gida ya huta, ya sake tsarin atisayensa. Da ya dawo a Yulin 2020 ya doke Darren Till, a Oktoba kuma ya doke shi Cannonier ɗin da ya ɗaga wa ƙafa.

Mai karatu, in akwai matashi a gidanka da ke kwana kallon Kamaru Usman da Francis Ngannou a waya, ya tashi da asuba ya fita gudu, da yamma ya tafi gidan motsa jiki, da dare kuma ya kama naushin buhun yashi, to wannan rubutu naka ne. Haka ke uwa, ko ke uwargida da maigidanki ya shiga wannan harka. Ba muna cewa a hana shi ba ne. Wasa ne da ke koyar da juriya da kamun kai, yana kuma raba matashi da zaman banza. Abin da muke so ku sani shi ne, atisaye ba ya ƙara wa jiki ƙarfi sai an haɗa shi da hutu, kuma mutanen gida ne ke fara ganin alamar an wuce iyaka, tun kafin koci ya lura.

Me ya sa ’yan MMA suka fi faɗawa wannan tarko?

MMA dambe ne na gauraye. A cikin keji ɗaya ana naushi, ana shuri, ana sa gwiwa da gwiwar hannu, ana kokawa a tsaye, ana kuma murɗe gaɓa ko shaƙe wuya a ƙasa. Wasan ƙwararru turmi uku ne, kowane turmi minti 5, na neman kambu kuma turmi biyar.

Ɗan damben boksin sana’a ɗaya yake koyo, ɗan kokawa ma haka. Shi kuwa ɗan MMA sai ya koyi huɗu ko biyar a lokaci guda: boksin, damben shuri, kokawa, jujitsu, sannan ɗaga ƙarfe da gudu. Sau da yawa kowane fanni da malaminsa, kowane malami kuma yana son a ba nasa cikakken ƙarfi. Malamin kokawa bai san wahalar da malamin ƙarfe ya ba yaron da safe ba. Jiki kuwa ɗaya ne, shi ke biyan bashin kowa.

Sai kuma al’adar wurin. A gidan dambe, wanda ya ce ya gaji ana masa kallon rago. Matashi ya gwammace ya ɓoye ciwo da a yi masa dariya. Ga waya kuma tana nuna masa zakaru suna zufa suna ihu, amma ba ta nuna masa awannin da suke barci, ko likitoci da masu tsara abinci da ke kewaye da su.

Ko damben gargajiyarmu a da yana da lokacinsa. Bayan girbi ne ake kafa fage, in damina ta faɗi kowa ya koma gona ko sana’arsa, raunuka su samu sararin warkewa. Atisayen zamani ba shi da kaka ba shi da damina, sai wanda ya yanka wa kansa.

Ƙarfi a hutu yake zuwa

Duk lokacin da mutum ya yi atisaye mai tsanani, zaren tsokarsa na samun ’yan ƙananan yagewa, makamashin da tsoka ta ajiye ya ragu, jijiyoyi su gaji. Wato a daidai lokacin da ya fito daga atisaye, ya fi rauni a kan yadda ya shiga. Sai ya ci abinci ya yi barci ne jiki ke gyara ɓarnar, ya ɗan ƙara a kai don gaba. Wannan ɗan ƙarin shi ne ƙarfin da ake nema. In aka sake dawowa da nauyi kafin gyaran ya kammala, yau da gobe, sai a riƙa rushewa ba a ginawa.

A 2013 manyan ƙungiyoyin likitancin wasanni na Turai da Amurka sun fitar da matsaya ta haɗin gwiwa da ta kasa wannan matsala mataki uku. Na farko, gajiyar da ake jawowa da gangan a tsakiyar shiri, wadda hutun ’yan kwanaki ko mako biyu ke gyarawa, mutum ya dawo ya fi da. Na biyu, gajiyar da ta zarce amfani: ƙoƙarin ɗan wasa ya faɗi, kuma sai an yi makonni ko watanni kafin ya farfaɗo. Na uku shi ne ainihin ciwon wuce kima, wanda kan ɗauki watanni masu yawa, wani lokacin fiye da shekara, har yakan kawo ƙarshen sana’ar mutum.

Babu wani gwajin jini guda da ke nuna wannan ciwo kai tsaye. Likita yakan fara ne da kawar da sauran cututtukan da ke kama da shi, irin su zazzaɓin cizon sauro, taifot, ƙarancin jini, ciwon suga da matsalar maƙoƙo. Saboda haka kada ku yanke hukunci a gida. Gajiyar da ta wuce mako biyu ba ta tafi da hutu ba, ta asibiti ce.

Alamomin da ke bayyana a gida

Hausawa na cewa jiki magayi. Ga abin da yakan faɗa:

Yana ƙara atisaye amma ƙoƙarinsa na raguwa. Nauyin da yake ɗagawa a sauƙaƙe watan jiya yanzu ya gagare shi, abokan da yake kayarwa sun fara kayar da shi.

Ga gajiya amma barci ya ƙi zuwa, ko ya riƙa farkawa cikin dare, ya tashi da safe kamar bai kwanta ba.

Tuwon da yake cinyewa har ya nemi ƙari yanzu rabi yake ci, yana ramewa ba da niyya ba.

Saurin fushi. Yaron da ke wasa da ƙannensa ya koma hantararsu, ko ya shige ɗaki ya yi shiru, ba ya son magana da kowa.

Mura da ciwon maƙogwaro a kai a kai, ƙuraje da maruru da makero da ba sa jin magani da wuri. Cututtukan fata suna yaɗuwa a kan katifun kokawa, kuma jikin da ya gaji ya fi saurin kamuwa.

Ciwon jiki da ya wuce kwana uku, ko ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya, kamar ƙashin ƙwauri, kafaɗa ko ƙugu.

Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar ko sisi. Da ya farka, kafin ya sauko daga gado, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ya ƙirga bugun zuciyarsa na minti ɗaya, ya rubuta. Bayan mako biyu zai san adadin da ya saba. In ya ga bugun ya ƙaru da kamar 5 zuwa 10 kwanaki a jere, alama ce jikin bai gama farfaɗowa ba, ko kuma wata cuta na tafe. Ranar ba ta atisaye mai nauyi ba ce.

Gwiwa da kai ba su da canji

Wani abin da masu kallo ba su cika lura da shi ba shi ne, raunukan da suka fi dakatar da manyan ’yan wasa da yawa a wurin atisaye aka same su, ba a keji ba. Dominick Cruz na Amurka yana riƙe da kambu jijiyar gwiwarsa ta tsinke a atisaye a 2012. Daga Oktoban 2011 bai sake shiga keji ba sai Satumban 2014, kambun ma ya rabu da shi ba tare da an doke shi ba. Francis Ngannou, ɗan ƙasar Kamaru, ya ji ciwo a gwiwa makonni kaɗan kafin karawarsa da Ciryl Gane a Janairun 2022. Ya yi nasara, amma daga nan sai tiyata da doguwar jinya. Kamaru Usman, haifaffen Auchi, da bakinsa ya sha faɗa cewa gwiwoyinsa sun lalace har yakan sauko daga bene da baya da baya don rage zafi.

Waɗannan mutane ne masu kuɗin zuwa wurin ƙwararrun likitocin duniya. Ka tambayi kanka, in jijiyar gwiwar ɗanka ta tsinke, nawa ne kuɗin aikin, kuma wa zai biya? Gajiya ce ke buɗe wa irin wannan rauni ƙofa, domin tsokar da ta gaji ba ta riƙe gaɓa da kyau, ƙafa ta sauka a karkace, hannu ya makara wajen karewa.

Gwiwa ma da sauƙi, ana iya ɗinke ta. Ƙwaƙwalwa fa? Gwabzawar gwaji da abokan atisaye da cikakken ƙarfi, sau uku ko huɗu a mako, na nufin kai yana shan duka ɗaruruwa da babu alƙalin da ya ƙirga su. Likitoci sun danganta yawan dukan kai na shekaru da ciwon lalacewar ƙwaƙwalwa da ake kira CTE, mai zuwa da mantuwa da sauyin hali. Haka kuma, samun duka na biyu kafin girgizar ƙwaƙwalwa ta farko ta warke na iya jawo kumburin da ke kisa, musamman ga masu ƙananan shekaru. Abin ba ya cika faruwa, amma in ya faru ba ya ba da lokaci.

Shi ya sa wasu zakaru suka rage wannan gwabzawa. Max Holloway ya ce bai yi gwajin duka mai ƙarfi ba a shirin karawarsa da Calvin Kattar a Janairun 2021, kuma a wannan wasa ne ya kafa tarihin UFC da duka 445 da suka samu shiga. Bayan wasan ya shawarci matasa su tattala ƙwaƙwalwarsu.

In ɗanka ya dawo daga atisaye da ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ko haske na damunsa, ya dakata har likita ya sallame shi. In kuwa yana amai a kai a kai, yana magana a ruɗe, barci na rinjayarsa da ƙyar ake tada shi, ko ya yi jijjiga, a tafi asibiti a take.

Sikeli, zafin rana da ƙoda

A MMA ana kasa ’yan wasa ne bisa nauyi, kuma galibi ana awo kwana ɗaya kafin wasa. Wannan ya haifar da wata muguwar ɗabi’a: mutum ya matse ruwan jikinsa ya zubar da kilo da yawa cikin ’yan kwanaki, ya hau sikeli, sannan ya mayar. Ana yin haka da ƙin shan ruwa, sa rigar leda a yi gudu, da zama a ɗakin turiri. A Maris 2017 an kai Khabib Nurmagomedov asibiti ana gab da awo, wasansa da Tony Ferguson ya rushe. A Disamban 2015 wani matashi ɗan ƙasar Sin mai shekara 21, Yang Jian Bing, ya rasu a Filifin yana tsakiyar rage nauyi. Bayan rasuwarsa ne gasar ONE Championship ta haramta rage nauyi ta hanyar ƙafar da ruwan jiki.

Yanzu ka ɗauki wannan ɗabi’a ka kawo ta Kano, Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Matashin da ya sa rigar leda ya fita gudu da tsakar rana yana wasa ne da ransa.

Akwai wata cuta da ya kamata kowane gida mai ɗan wasa ya san ta, wato narkewar tsoka. Idan aka gallaza wa tsoka fiye da ƙima, musamman cikin zafi da ƙishirwa, ko bayan an daɗe ba a yi atisaye ba, ƙwayoyinta kan fashe su zubar da wani sinadari cikin jini wanda ke toshe ƙoda. Alamunta su ne ciwon tsoka mai tsanani, kumburi, kasala, da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi. Wanda ya ga irin wannan fitsari kada ya jira gari ya waye. Ruwan da za a ƙara masa a asibiti da wuri shi ne kan raba shi da wankin ƙoda.

Abu biyu na ƙara wannan haɗari a wurinmu. Na farko, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da rukunin jini na AS. Mafi yawansu suna wasanni lafiya lau, har su zama zakaru. Amma atisaye mai tsanani ba tare da tsayawa ba, cikin zafi da ƙishirwa, na iya sa mai AS ya yanke jiki ya faɗi. Saboda haka ne hukumar wasannin jami’o’in Amurka, NCAA, ta fara neman gwajin wannan jini ga sababbin ’yan wasan manyan jami’o’i tun 2010. Gwajin da muke yi kafin aure, ya kamata a yi shi kafin shiga wannan wasa, a kuma sanar da koci sakamakon.

Na biyu, magungunan kashe zafi da ake saya a kemis ba da takardar likita ba. Ibuprofen da diclofenac na takura wa ƙoda in jiki ba ruwa. Tramadol kuwa yana rufe bakin ciwon ne kawai, mutum ya ci gaba da taka ƙafar da ke neman hutu, ga kuma jarabar da ke biyo baya. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa.

Ga mai azumi, hikima ita ce a rage nauyin atisaye a watan Ramadan, a mayar da mai tsananin bayan buɗa-baki, a sha isasshen ruwa tsakanin magariba da sahur. Khabib, wanda ya yi ritaya ba a taɓa doke shi ba a wasa 29, an san shi da ƙin karɓar wasa a watan azumi.

Yara da ’yan mata

Ƙashin yaro bai gama ƙwari ba. A ƙarshen dogayen ƙasusuwansa akwai wuraren girma masu taushi da yawan maimaita motsi ɗaya ke iya raunatawa, shi ya sa ciwon ƙasan ƙoƙon gwiwa da na dunduniya suka yawaita ga yara masu wasanni. Likitocin yara a Amurka na ba da shawarar hutun kwana ɗaya ko biyu a kowane mako, da jimillar wata biyu zuwa uku a shekara ba tare da wannan wasa ɗaya ba. Akwai kuma ma’auni mai sauƙin riƙewa: awannin atisaye a mako kada su wuce shekarun yaron. Ɗan shekara 13 kada ya haura awa 13. Dukan kai da ƙarfi da rage nauyi da ƙishirwa kuwa ba na yara ba ne sam.

Ke uwa, in ’yarki na irin waɗannan wasanni, ko da taikwando ko judo ne a makaranta, ki lura da al’adarta. Ɗaukewar al’ada wata uku a jere ba alamar ƙoƙari ba ce. Sau da yawa tana nufin abincin da take ci bai kai aikin da jiki ke yi ba, kuma hakan na rage ƙwarin ƙashi a shekarun da ya kamata a tara shi. A kai ta ga likita.

To, me za a yi?

A ware aƙalla kwana ɗaya cikakke a mako babu atisaye. Kada ranaku masu tsanani su biyo juna, a sa mai sauƙi a tsakani. Bayan mako uku ko huɗu na aiki, a yi mako ɗaya da za a rage nauyin sosai. In za a ƙara, a ƙara kaɗan kaɗan, kada a ƙara tsawon lokaci da tsanani a tare. Wanda ya tashi daga zazzaɓi kada ya koma inda ya tsaya, kuma ba a atisaye da zazzaɓi a jiki.

Barci shi ne babban magani: awa 8 zuwa 10 ga matasa ’yan ƙasa da 18, awa 7 zuwa 9 ga manya. Wayar da ake riƙewa har ƙarfe ɗayan dare tana cin ƙarfin da aka sha wahalar nema da rana. Abinci kuma ba sai na gwangwani mai tsada ba. Wake, ƙwai, gyaɗa, kifi, nama, fura da nono, shinkafa, dankali da ganye sun isa, in dai ana ci a ƙoshi. A lissafa har da aikin yini: wanda ya yini yana dako, gini ko noma, ya riga ya yi rabin atisayensa.

Ka je da kanka ka ga wurin da yake atisaye. Ka tambayi kocin sau nawa ake gwabzawar gwaji a mako, me ake yi in yaro ya sha duka a kai, ana barin su su sha ruwa, ana wanke katifu. Kocin kirki zai ji daɗin tambayar. Wanda ya ce hutu na ragwaye ne, ka nema wa ɗanka wani.

Sai yadda za ka yi masa maganar. In ka ce ya bari, zai ɓoye maka ciwonsa ne kawai ya ci gaba. Ka shigo masa ta ƙofar abin da yake so. Ka tambaye shi yaya barcinsa, yaya ƙoƙarinsa a wannan wata in an gwada da na jiya. Ka ba shi labarin Whittaker, wanda ya ajiye wasa ya huta sannan ya dawo ya doke mutumin da ke jiransa. Ka nuna masa cewa hutun yana cikin shirin, ba gudu ba ne. Sannu ba ta hana zuwa.

In kuma kai ne ɗan wasan da ke karanta wannan, ka tuna cewa ko zakarun duniya ba sa wuce shekaru kaɗan a saman fage, amma da wannan gwiwa za ka yi sujada, da wannan baya za ka ɗauki ’ya’yanka, da wannan kai za ka nemi abincinsu har tsufa. Gobe da asuba, kafin ka ɗaura takalmi, ka ƙirga bugun zuciyarka tukuna.

Akwai ɗan wasa a gidanku? Ku faɗa mana alamar da kuka fara gani da yadda kuka shawo kansa, wataƙila wani gidan ya amfana. Allah Ya ƙara mana lafiya.